Mayar da tasi zuwa CNG a Abuja: ribar tana ga yadda aka yi aikin

Kowace lita ɗaya ta fetur da injin ya ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama yanayi. A ce tasi mai jigila tsakanin Mararraba da Area 1 tana shan lita 20 a wuni, kilo 46 ke nan, kuma kaso mai yawa na man a cunkoson Nyanya zuwa AYA yake ƙonewa, mota a tsaye injin na aiki.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi suka koma neman CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya mota ta yi aiki da ita maimakon fetur. Gas ɗin yana rage kabon da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da fetur. Sai dai wannan ribar tana iya tafiya a banza idan an yi aikin ganganci, domin CNG iskar mitan ce, ita kuwa mitan da ta tsere ba a ƙone ta ba ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 80 cikin shekaru 20. Yoyo kaɗan a mahaɗar tiyo ya isa ya cinye ribar wata guda.

Kayan aikin ba su da yawa: tukunya a but, bututun ƙarfe, na'urar rage matsi, injektocin gas, ƙaramar kwamfuta da makunnin sauyawa. Matsin cikin tukunya yana kaiwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), shi ya sa tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta da gurbi a nan ko kaɗan. Motar da ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024 irin wannan tukunyar aka saka mata. A duba hatimi da ranar gwaji a jikin tukunya kafin a biya kuɗi.

Bayan an gama, bakanike ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, akwai yoyo. A maimaita duk lokacin canjin baƙin mai.

Inda aka fi samun matsala shi ne saiti. Na'urar rage matsi da ruwan lagireto take ɗumi, don haka injin ya tashi da fetur, sai ya yi zafi ya koma gas. Idan aka tilasta masa tun yana sanyi, zai riƙa shaƙewa. Gas yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi, tsohon fulogi ba zai ƙone shi duka ba, sauran ya fita ta salansa. Kuma busasshe ne, yana cin bakin bawul sannu a hankali, saboda haka a riƙa duba tazarar bawul a kan kari. Direban da ya ji motar ta rage ƙarfi a hawan Asokoro ya kai ta a sake saiti a kwamfuta, kada ya bari a murɗa masa na'urar da ka.