Linkin da ka saya bashi ne a wuyanka

Ɗan yayata ya buɗe shafi yana rubutu kan gyaran waya, kuma yaron ya san aikinsa. Kwanakin baya ya miƙo mini wayarsa yana fara'a, wai ya samu wani a intanet da zai zuba masa linki dubu biyar daga wasu shafuka zuwa nasa cikin kwana uku, Google ya ɗaga shi sahun farko. Ya ce, "Kawu, kai ma ka taɓa wannan harkar, duba mini ko mutumin na gaskiya ne." Na ce masa kada ya biya ko sisi. Idan ɗan damfara ne, kuɗinka kaɗai zai tafi. Idan kuwa ya cika alkawari ya kawo linkin, shafin ne gaba ɗaya ka jefa cikin haɗari.

Na taɓa harkar kuwa, na kuma daɗe a cikinta. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, tsarinsu na PageRank yana ɗaukar kowane linki a matsayin shaidar da wani shafi ya bayar a kan wani. Mai shaidu da yawa, musamman daga shafuka masu daraja, shi ke hawa sama. Da muka gane haka sai muka shiga sayen shaidu. Na yi musayar linki da shafukan da ban taɓa karanta layi ɗaya a cikinsu ba. Na zuba adireshina a kundayen shafuka da babu mai leƙa su. Nakan rubuta maƙala guda, manhaja ta jujjuya kalmominta ta fito da kwafi barkatai, in watsa su, kowanne ɗauke da linki mai kalmomi iri ɗaya sak.

Kalmomin bincike kuma na yi musu cushe. Jimlar da nake so a same ni da ita sai ta fito a take, ta fito a kowane sakin layi, ta sake fitowa a ƙasan shafi da farin rubutu kan farin bango, mutum ba ya gani amma inji na karantawa. Har wani gurbin ɓoye a bayan shafi da ake jera kalmomin bincike na ci gaba da cikawa, alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

A yi mini adalci, abin yana aiki a lokacin. Wanda ya tsaya yana rubutu mai kyau yana can shafi na biyar na sakamakon bincike, mai cushe yana sama yana kwasar masu ziyara, ni kuma ina da iyalin ciyarwa. Ba ƙananan mutane kaɗai ke yi ba. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda tarin linkin saye ya ɗaga kamfanin J.C. Penney na Amurka sama, Google kuma ya hukunta shi. Na karanta labarin, na ce ai ni ƙarami ne, wa zai lura da ni? Har yau ina ganin wanda ya sa linki ya zama abu mai daraja bai kamata ya yi mamakin ganin an buɗe kasuwarsa ba. Amma wannan hujjar ba ta wanke ni, domin na san sarai abin da nake yi.

A Fabrairun 2011 ɗin ne Panda, wani sabon tsarin tantancewa na Google, ya fito yana kakkaɓe shafuka marasa nama, na sha da ƙyar. Penguin na Afrilun 2012, tsarin Google mai farautar linkin bogi, shi ya gama da ni. Masu ziyara suka ɗauke ɗif. Na bi masu shafuka ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su cire linkin da na biya aka sa, wasu suka yi shiru, wasu suka ce sai na sake biya. Da Google ya fito da hanyar barranta daga linki a Oktoban 2012, na zauna ina tsince adireshi da hannu har idona ya yi ja. Abin da ya fi ci mini rai shafin wani bawan Allah ne da ya damƙa mini amanarsa, bai san me na yi a bayan fage ba, cinikinsa ya faɗi saboda ni. Na nemi gafararsa ya yafe, amma har yau ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Yaran yanzu za su ce ai tun 2016 Penguin ya fi karkata ga yin watsi da mugun linki maimakon hukunta shafi. To, ka biya kuɗi ke nan don abin da za a yi watsi da shi. Kuma har gobe ma'aikatan Google na iya duba shafi da idonsu su sauke shi. Ba kwa karanta ƙa'idojin da aka rubuta a fili kyauta, sai bidiyon minti biyu na wani mai alkawarin sahun farko cikin mako guda.

Na so in jera muku shawarwari goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai ba. Kada ka sayi linki. Idan talla ka biya, a sa mata alamar nofollow da ake da ita tun 2005, ko ta sponsored da aka ƙaro a 2019, alamomi ne da ake liƙa wa linki don Google ya san ba shaida ba ce. Kalmar da mutane ke nema ka sa ta a take da farkon rubutu, daga nan ka rabu da ita ka amsa tambayar da ta kawo mutum. Kada kuma ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta cika maka shafi ɗari a dare ɗaya, jujjuyawar da muka yi ce ta dawo da sabon suna, kuma a Maris 2024 Google ya tsaurara dokarsa a kan irin wannan.

Nakan ce wa yara su manta da Google su yi rubutu don mutane. Rabin gaskiya ce. Linki na da nauyi har yanzu, kuma ba kasafai yake zuwa da kansa ba, don haka ka fita ka nema. Ka rubuta abin da babu wanda ya yi bayaninsa kamar kai, sannan ka tura wa masu shafuka a fanninka, da sunanka, ka ce su duba. Yawancinsu ba za su amsa ba, kuma ku ba ku jure shiru, nan da nan sai ku ce an raina ku.

Ka haɗa shafinka da Search Console, kayan aikin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne. Zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka, da matsayin da kake a kan kowacce. Ka nemi waɗanda kake tsakanin na 11 da na 20 a kansu, ka koma waɗannan maƙalolin ka cike abin da suka rasa, ka ja musu linki daga sauran rubuce-rubucenka. Sakamakon kan ɗauki watanni kafin ya bayyana, kuma a tsakanin nan ne masu sayar da linki za su yi ta turo maka saƙo.