Yadda muka ɗaukaka ƙarar ƙanena zuwa Sakkwato

Bayan an yanke wa ƙanena hukuncin kisa ta hanyar rataya, bisa zargin ya kashe wani mutum a rikicin iyakar gona a ƙauyenmu da ke wajen Ƙaura Namoda, lauya ya ce mini in share hawaye, domin kwana 90 doka ta ba mu mu shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Gonar gadonmu muka jinginar.

Na ɗauka zan kwashi dattawan ƙauye su je su ba da shaida a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato, wadda Zamfara ke ƙarƙashinta. Ashe alƙalanta uku kundin shari'ar farko suke dubawa, kuma abin da ba a rubuta a cikinsa ba da wuya a saurare shi. Wannan ne abin da na fi so mutanenmu su gane tun shari'a tana kotun farko.

A cikin kundin ne muka ga takardar da aka ce ƙanena ya amsa laifi, an rubuta ta da Turanci, shi kuwa ko gaisuwa bai iya da Turanci ba, sai dangwalen babban yatsansa a ƙasa. Da na ziyarce shi a gidan yari ya ce, "Yaya, wallahi ban san abin da na dangwala ba." Tafintan da ya fassara maganarsa ba a kira shi kotu ba, alhali in ba shi ya zo ya tabbatar ba, takardar ta zama ji-ta-ji-ta a idon shari'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin mai gabatar da ƙara. Ɗan sandan da ya yi bincike ya amsa da bakinsa cewa babban shaidarsu ya rubuta wani bayani tun a daren da abin ya faru, lauyanmu na farko ya nemi a kawo shi, aka yi ta ɗage zama har aka rufe shari'a. Allah ya sa alƙali ya rubuta wannan buƙata. Sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa hujjar da aka ɓoye, da an fito da ita, mai ɓoyewar za ta kayar.

Da waɗannan biyu aka soke hukuncin, aka sallame shi. Inna ta shafa kansa ta ce, "Auta, har furfura ka yi?" Gonar kuwa har yau ba mu fanso ta ba.