Kuɗin ƙungiya a asusun ma'aji

Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Legas ba sa ƙirguwa, akwai ta 'yan gari kaza mazauna Agege, ta 'yan gwari a Mile 12, kwamitin masallaci a Idi-Araba, masu tara wa marayu, masu haɗa kuɗin asibiti in wani ya kwanta. Kuma mutanenmu suna bayarwa, balle da azumi. Ni abin da ke damuna shi ne inda kuɗin suke kwana.

Duba sanarwar da ake turowa a guruf ɗin WhatsApp, lambar asusun da ke ƙasa ta ma'aji ce, tasa ta kansa, wadda da ita yake karɓar kuɗin albasa daga kwastomomi kuma da ita yake tura wa iyali na cefane a gida. Alat ya shigo dubu 20, shi kansa sai ya tsaya tunani, na marayu ne ko na matar nan da ta ɗauki buhu jiya? In ka yi magana a taro sai a ce haba, ai Alhaji ne, ya fi ƙarfin wannan. To ai ba wanda ya ce zai ci. Amma Alhaji yana da rai, ranar da ta Allah ta kasance banki bai san wata ƙungiya ba, sunan mamaci ya sani, zai rufe asusun sai magada sun kawo takardar kotu, su kuma magadan da wace hujja za ka ce musu miliyan biyu a ciki na marayu ne in babu rubutu ko ɗaya?

Hanyar da doka ta tanada ita ce rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan satifiket ya fito. Daga nan banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, wato sashen nan na EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Akwai zirga-zirga kam, kuma akwai kashe kuɗi. A wajen sa hannu ku ba da mutum uku, a ce dole biyu su sa kafin kobo ya fita, kuma don Allah kar a sa wa da ƙani ko mutum da yaron shagonsa.

Inda da yawa suke faɗuwa shi ne bayan satifiket, a sa shi a firem a rataye a ofis shi ke nan. Alhali duk shekara sai an kai wa CAC rahoto, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin kuɗi, in an bari tara ce take ta taruwa. Kuma ko da ƙungiya ba ta neman riba, in tana biyan albashi, sakatare ko malamai, harajin albashinsu na LIRS ne, hukumar haraji ta jiha, a nan Legas. Tsabar kuɗi ma da iyaka, dokar 2022 ta hana ƙungiya karɓa ko biyan sama da miliyan 10 hannu da hannu, mutum ɗaya kuma miliyan 5, sai ta banki.

Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne cakuɗa kuɗi. An tara don marayu, janareta ya lalace, sai shugaba ya ce a ara daga can in ya so a mayar, ba a kuma mayarwa. Wanda ya bayar don marayu ya bayar, ba don man janareta ba. Zakka ma ta fi tsanani tunda Alƙur'ani ya ƙayyade mutum kashi takwas da ake ba wa, ba a sayen fanka da ita. Kowane kuɗi a ba shi shafinsa a littafi, littafin dubu ɗaya ma ya isa, kwanan wata, wa ya kawo, don me, nawa ya fita, rasit a manne da sitefula.

Kuɗin Juma'a mutum biyu su ƙirga a gaban juna su rubuta su sa hannu, Litinin a kai banki, kar ya wuce kwana uku a aljihun kowa. Ƙarshen wata a ciro sitetmen a karanta a taro da Hausa, layi bayan layi, kuma wanda zai gwada shi da littafi ya zama ba ma'aji ba ne.

Ƙananan ƙungiyoyin da ba su kai ga rajista ba tukuna, aƙalla ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum biyu wanda ba a taɓa shi don komai sai aikin ƙungiya, a sa alat yana zuwa wayar su biyun, sannan ku fara ware kuɗin CAC daga gudunmawar wata-wata.