Jar ƙura da hitar aro a hanyar Udnadata

Wani maƙwabcinmu a Adeled, birnin da ke kudancin Ostireliya, dattijon Bature da ya yi ritaya, shi ya ara mana ɗakinsa na tafi-da-gidanka, wanda suke kira karaban. Ranar da yake damƙa mini makullai ya yi ta bayani a kan hitar ruwa, ni kuwa hankalina yana kan tayoyi. Na dinga gyaɗa kai kawai.

Daga Adeled zuwa Mari kwalta ce, ba abin faɗa. A Mari muka tsaya ganin ɗan masallacin laka da aka sake ginawa don tunawa da masu raƙuman nan, 'yan Afghanistan da maƙwabtansu, waɗanda suka yi jigilar kaya a hamadar Ostireliya tun ƙarni na 19. Ba shi da girma, amma uwargida ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Daga nan kwalta ta ƙare. Hanyar Udnadata ta fi kilomita 600 kafin ta fita a Marla, mafi yawanta tana bin tsohon layin dogon da aka daina amfani da shi a 1980.

Na taso a Katsina, na ɗauka na san ƙura. Ashe ban sani ba. Tasu ja ce, laushinta kamar garin da aka tankaɗe sau biyu, kuma hanyar gargada ce zalla, don haka kowace kafa a jikin karaban sai ta buɗe baki ta sha rabonta.

Da yamma muka sauka a Coward Springs, inda akwai bishiyoyin dabino da wani ɗan kududdufin ruwan ɗumi mai ɓulɓulowa daga ƙasa. Sanyin daren hamada ya fara sauka, uwargida ta ce a kunna hita. Na danna. Ƙas, ƙas, ƙas, shiru. Na sake, wuta ta kama, amma ja-ja mai hayaƙi maimakon shuɗiya, ta kuma mutu.

"Maigida, anya ka saurari bayanin dattijon nan kuwa?" Ban amsa ba.

Wani tsoho da ke kusa da mu ya taso da tocila. Ya buɗe 'yar ƙofar ƙarfen da ke jikin karaban ta waje, mai tsage-tsage kamar luba. Ta nan hitar take shaƙar iska, ta nan kuma take fitar da hayaƙi. Ciki ya yi jajir. Ya ce in rufe gas tukuna, sannan ya share bututun wutar da ƙaramin burushi, ya hure sauran da famfon taya, ya goge bakin abin da ke ba da tartsatsi. Ƙura ta toshe hanyar iska, gas bai samu abokin ci ba, shi ke nan matsalar.

Ya ciro wani falle mai maganaɗisu, irin wanda ake mannawa a jikin firji, ya yanka daidai faɗin tagar ya liƙa. Wasu salatif suke sawa, in ji shi, amma rana tana narkar da gam ɗin ya ɓata fenti. Sai ya ɗaure fuska. Murfin na lokacin tafiya ne kaɗai. Wanda ya kunna gas tagar tana rufe, hayaƙin ba shi da mafita, kuma iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle ta yi gargaɗi. Ya ba ni jan ƙyalle ya ce in ɗaura a jikin makunnin hitar na ciki duk lokacin da murfin yake manne. Wannan ƙyallen, a ganina, ya fi murfin kansa daraja.

Kashegari muka isa William Creek, hadari ya biyo mu. Idan aka yi ruwa hukuma takan rufe hanyar, don ƙasar tana komawa taɓo, sai muka kwana biyu a wurin. Na so in bar murfin saboda ruwa, sai na lura tsage-tsagen tagar sun sunkuya ƙasa, ruwan sama yana zamewa ne ya wuce. Abin tsoro shi ne ruwa ya tarar da ƙura a ciki su haɗu su zama laka. Tunda ciki a share yake, na cire murfin, na ɗan juya karaban ɗin don kada iska ta riƙa watso ruwa a wannan gefen.

A Udnadata, garin da zafi ya taɓa kaiwa digiri 50.7 a Janairun 1960, na shigo a gajiye na miƙa hannu zan danna makunni. Uwargida ta riƙe mini hannu, ta nuna jan ƙyallen da haɓa. Na sa takalmi na fita.