Na je hawan tsauni, ashe gindin teku nake takawa

Niyyata ba ta wuce in kai ƙololuwar Great Orme in ɗauki hoto in sauko ba. Wani gungumen dutse ne da ya kutsa kai cikin teku a gefen garin Llandudno da ke arewacin Wales, tsayinsa mita 207. Akwai ɗan jirgin ƙasa da igiyar ƙarfe ke ja, tun 1902 yake jigilar mutane, kuma shi raina ya so. Abokin tafiyata, wanda ilimin duwatsu ya karanta, ya ce sam: da ƙafa za mu, kuma daga ƙasa za mu faro.

Muka bi titin da ya zagaye dutsen ta bakin teku. Ni hankalina na kan ruwa, shi ko sau ɗaya bai waiwaye shi ba, idonsa na kan bangon dutsen da ke ɗaya gefen. Da ya ga ina sauri sai ya riƙo rigata, ya ce, "Malam, ina za ka? Abin da muka zo gani ke nan kake wucewa."

Sai a lokacin na lura bangon hawa-hawa yake, kamar an jibge katifu, wata mai kauri, wata siririya. Kowane hawa laka ce da ta taɓa kwantawa a ƙasan ruwa, don haka na ƙasa ya girmi na sama. Dutsen farar ƙasa ne, ya samu sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin da wannan yanki yake kusa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, ƙarƙashin teku mai ɗumi marar zurfi. Na ji maganar, amma ba ta shige ni ba, don iskar da ke kaɗawa ta riga ta sandarar mini da yatsu.

A wata tsohuwar mahaƙar dutse kusa da ƙololuwa ne ta shige ni. Na tsaya ina ta dube-dube, ban ga komai ba sai toka-tokan duwatsu. Ya ce in durƙusa. Na durƙusa. Ya tsiyaya ruwan gorarsa a kan wani falalen dutse, nan take zane ya fito: ƙwanso mai layi-layi kamar mafici, ya kusa cika tafin hannuna. Gefensa ga wasu ƙananan zobba masu huda a tsakiya, kamar carbi ya tsinke ya watse. Gaɓoɓin wata halittar teku ce mai kama da tsiro, alhali dabba ce. Can kuma murjani, ramukansa kamar saƙar zuma. Da idona ya saba, duk inda na duba sai in gan su, har a dutsen da na ɗora jakata. Ashe ba burbushin ne ke cikin dutsen ba, dutsen kansa yawancinsa gawarwakinsu ne da suka farfashe suka manne. Mun fi awa ɗaya a wurin, ban ma tuna da hoto ba.

Na so in jefa guda a aljihu, ya hana ni. Wurin yana ƙarƙashin kariyar doka, ba a zuwa da guduma a fasa. Na mayar, ba da son raina ba.

A saman tsaunin akwai inda dutse ya shimfiɗu tsirara, ya tsattsage kamar busasshen tafki. Aikin ruwan sama ne. Yana kwasar iskar kabon a hanyarsa ta saukowa, ya ɗan yi tsami, ya bi tsagar dutsen yana lasa a hankali har ta zama rami. Shi ya sa ba ka ganin rafi a sama. Ruwan nutsewa yake, sai can ƙasa ya ɓullo a matsayin idon ruwa. Cikin ramukan kuwa ganyaye ne shar, sun fake daga iska da kuma bakin awakin Kashmir da ke yawo sakaka a wurin.

A nan na sha kashi. Takalmin da na sa mai sulɓin ƙasa ne, an kuma ɗan yi yayyafi, jiƙaƙƙen dutsen farar ƙasa kuwa santsinsa sai ka ce sabulu. Ina tafe ina kallon wani bunsuru mai dogayen ƙahoni, ƙafata ta zurma cikin wata tsaga da ciyawa ta rufe, har gwiwa. Allah Ya taƙaita abin a targaɗe. Tun daga ranar, idan zan kalli abu sai na tsaya cak, kuma ba na matsawa bakin gaɓa, don ba ka sanin me ruwa ya ci ta ƙarƙashi.

Da ɗingishi na ƙarasa tsohuwar mahaƙar jan ƙarfe, wadda aka sake ganowa a 1987. Kusan shekara 4,000 ke nan da mutane suka fara tona ta, da gudumar dutse da ƙashin dabbobi. Na tambaya yadda ƙashi zai huda dutse. Amsar tana jikin dutsen: inda ma'adinin ya ratsa, dutsen ya canza ya yi taushi, su kuma sai suka riƙa bin koren jijiyar ma'adinin duk inda ta karkata. Shi ya sa ramukan suke a murɗe, wasu kuma ƙuncinsu ya kai har ake ganin yara ne suka tona su. Na leƙa ɗaya, kafaɗata ma ba ta shiga ba.

Wajen saukowa dai jirgin da aka hana ni da safe na hau, ƙafa a kumbure. Abokina bai ce uffan ba.