Na zana teku, na manta da iska

Wata shida na shafe ina zana taswirar wata ƙasa ta tsibirai wadda babu ita a duniya, domin wasan tebur da nake jagoranta, irin wasan nan da kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani mutum a cikin labari, mai jagora yana bayyana musu duniyar, ƙwayar wasa mai fuska ashirin kuma tana yanke hukunci a kan abin da suka yunƙura yi. Salon ya bazu ne bayan fitowar Dungeons & Dragons a 1974, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Na raɗa wa ƙasar suna Murjana, na ba ta tuta da jerin sarakuna da tsibirai goma sha ɗaya, na ɗauka aiki ya kammala.

A zama na biyu, wata 'yar wasa da ke riƙe da matsayin matuƙiyar jirgi ta ɗora yatsa a kan babban tsibirin, ta ja shi har gaɓar nahiya, ta ce: "Idan tafiyar kwana tara ce, me zai hana mu sauke kaya mu juyo washegari?" Na rasa amsa, domin ban taɓa tunanin abin da ke tura jiragen ba.

Tarihin Tekun Indiya ne ya ba ni amsar. A can iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, wadda Waswahili ke kira kaskazi, sannan ta juya ta taso daga kudu maso yamma daga Afrilu zuwa wajen Satumba, ita ce kusi. A da, ɗan kasuwar da ya taso daga ƙasar Larabawa ko Indiya zuwa gaɓar gabashin Afirka dole ne ya zauna watanni yana jiran iskar komawa, kuma a cikin wannan jira ake samun masauki da bashi da aure da cuɗanyar harsuna. Haka garuruwa irin su Kilwa, wanda Ibn Battuta ya ziyarta a 1331, suka bunƙasa.

Da na ba Murjana iskoki biyu, sai sauran abubuwa suka riƙa fitowa da kansu. Idan masu tuƙi ba sa gida rabin shekara, wa ke mulki? Na soke sarautar da na rubuta tun farko, na mayar da iko hannun majalisar waɗanda ke zama, galibinsu mata da tsofaffin matuƙa, kuma kujera a majalisar ta mai rijiya ce, saboda a tsibirin murjani ruwan sha ya fi zinariya wuyar samu. Bashi ba a ƙirga shi da wata, ana biyansa ne ranar da iska ta juya. Jirgin da iska ta juya sau uku bai dawo ba, ana raba gadon mutanensa, kuma daga wannan doka guda na sami labarin da ya fi kowane daɗi a wasanmu: mutumin da ya dawo a juyi na huɗu ya tarar doka ta ɗauke shi matacce.

Sai batun katako, wanda masu ƙirƙirar irin wannan ƙasa suka fi mantawa da shi. Tsohuwar Jamhuriyar Venis, a ƙasar Italiya ta yau, duk da ƙarfinta a teku, sai da ta keɓe dajin Montello a 1471 domin ma'aikatar ƙera jiragenta, saboda ta san jirgi a daji yake farawa. Murjana ba ta da manyan itatuwa ko ƙarfe, don haka mutanenta suna ɗinke allunan jirgi da igiyar ɓawon kwakwa, kamar yadda aka daɗe ana yi a Tekun Indiya, allunan kuwa daga wata masarautar tudu suke saye, wadda ba sa jituwa da ita. Ban sake buƙatar ƙirƙiro dalilin yaƙi ba.

Sanin hanya ma dukiya ce da ake ɓoyewa. Ahmad ibn Majid, wani matuƙin jirgin ruwa Balarabe, ya tattara ilimin taurari da iskoki a rubuce a ƙarni na 15, da yawansa cikin waƙa domin sauƙin hadda, sannan a 1976 Mau Piailug, wani matuƙin gargajiya na tsibiran Tekun Fasifik, ya jagoranci jirgin Hokule'a daga tsibirin Hawai zuwa na Tahiti ba tare da na'ura ba, sai taurari da yanayin igiyar ruwa. A Murjana kowane gida yana da waƙar hanyarsa, kuma satar baiti guda laifi ne da ake korar mutum daga ƙasa a kansa.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne sihiri. Idan boka zai iya kiran iska duk lokacin da ya ga dama, to jiran ya rushe, majalisar da dokar gadon sun zama banza. Shawarar da na tsaya a kai ita ce iskar da aka kira aro ce: duk wadda aka jawo wa jirgi ɗaya, an ɗauke ta ne daga wani jirgin da zai tsaya cik a tsakiyar teku har ruwan shansa ya ƙare, shi ya sa Murjanawa ke tuhumar mai kiran iska kamar yadda suke tuhumar mai kisan kai.

A zaman da ya biyo baya, 'yar wasan nan ta sake ɗora yatsa a kan gaɓar nahiya. Na shaida mata saura wata huɗu iska ta juya, kuma akwai boka a tashar da zai kai su gida cikin kwana tara. Ta yi shiru tana juya ƙwayar a tafin hannunta, sannan ta tambaye ni jirage nawa ne na mutanen tsibirinta ke kan ruwa a wannan makon.