Abin da muke koya wa masu hawan igiyar ruwa kafin su miƙe a kan dogon allo

Sana'ata ita ce koyar da hawan igiyar ruwa a teku, kuma ƙaramin kamfanin da nake gudanarwa da malamai kaɗan yana ba da hayar alluna, yana gyara waɗanda suka fashe, yana kuma ɗaukar ɗalibai tun daga wanda bai taɓa kwanciya a kan allo ba har zuwa wanda ya daɗe yana yi amma ya tsaya wuri ɗaya. Galibin waɗanda suke dawowa wurinmu bayan darasin farko koke ɗaya suke kawowa, wato sun kasa miƙewa a daidai lokacin da igiyar ta ɗauke su, kuma kusan dukkansu ƙafafunsu suke zargi. Ni kuwa abin da aikin nan ya nuna mini shi ne, tashin yakan gyaru ko ya lalace tun mutum yana kwance, daga inda ya ɗora ƙirjinsa a kan allon, da inda ya zauna jira a cikin ruwa, da lokacin da ya fara tuƙi da hannu.

Allon da muke kira dogo shi ne wanda ya kai ƙafa 9 ko ya wuce, wato kusan mita 2.7, kuma da irinsa wasan ya yaɗu a duniya daga tsibiran Hawai, inda shahararren mai hawan igiya Duke Kahanamoku da mutanen zamaninsa suke hawa manyan katakai masu nauyi a gaɓar Waikiki. A shekarar 1935 wani mai hawan igiya Ba'amurke mai suna Tom Blake ya liƙa ƙege, wato ɗan abu mai kama da fiffiken kifi, a ƙarƙashin wutsiyar allo domin ya hana shi zamewa gefe, sannan a shekarun 1950 aka koma yin alluna da soso mai tauri a lulluɓe da zaren gilashi, nauyi ya ragu ƙwarai. Gajeren allo ya mamaye wasan daga ƙarshen shekarun 1960, amma bai iya ƙwace wa dogon fifikonsa guda ɗaya ba, wanda shi ne jarin makarantarmu: saboda tsawonsa da faɗinsa yana yawo a saman ruwa sosai, yana gudu da ƙaramin ƙoƙari, yana kuma kama igiya tun tana tudu mai laushi, kafin ta miƙe ta zama bango. Ɗalibin da bai fahimci wannan ba yakan zauna inda masu gajerun alluna suke zama, ya jira igiyar ta kusa karyewa, sannan ya yi ta fama da allon da ba don irin wannan gangaren aka yi shi ba.

Shi ya sa kafin kowa ya jiƙa ƙafa muke tsayawa a bakin ruwa mu yi bayanin yadda igiya take tafiya. Idan ta iso wuri mara zurfi sai gudunta ya ragu, tsayinta ya ƙaru, gabanta ya yi ta miƙewa, kuma takan karye ne a inda zurfin ruwan ya kai kimanin ninki 1.3 na tsayinta. A ruwa mai zurfin mita 2 tana tafiyar fiye da mita 4 a kowace daƙiƙa, kuma babu ɗan adam da zai kai wannan gudun yana tuƙi da hannu a kwance. Nakan nanata wannan domin ɗalibi ya daina tunanin tsere yake yi da igiyar. Amfanin tuƙin shi ne allon ya riga ya kasance cikin tafiya lokacin da igiyar ta ɗaga wutsiyarsa, ta yadda nauyin mutum da gangaren ruwan za su ƙarasa aikin. Allon da ke tsaye cik, igiya takan wuce ta ƙarƙashinsa ne kawai, ko kuma ta jefa shi gaba idan ta riga ta miƙe.

Wurin kwanciya a kan allo shi ne abin da muka fi ɓata lokaci a kansa, domin tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba tana sauya komai. Idan mutum ya ja baya da yawa, hancin allon yakan ɗaga sama, wutsiyar ta nitse, allon ya riƙa ture ruwa maimakon ya zame a kansa, sai mutum ya gaji bai je ko'ina ba. Idan ya matsa gaba da yawa, hancin yakan nutse da zarar igiyar ta taɓa shi. Abin da muke nema shi ne allon ya kwanta daidai, hancinsa ya ɗan fito saman ruwa da kamar yatsu biyu ko uku, ƙafafu a haɗe a kan allon ba a rataye a gefe ba, ƙirji a ɗan ɗage. Idan ɗalibi ya sami wannan wurin, malaminsa yakan yi masa alama da kakin da muke goga wa allo, daidai inda haɓarsa take, domin ya riƙa komawa nan ba tare da lalube ba. Alamar ta allon nan ce kaɗai da mutumin nan kaɗai, shi ya sa nake ƙoƙarin kada a riƙa sauya wa ɗalibi allo daga darasi zuwa darasi, ko da hakan zai wahalar da lissafin haya.

Akwai wani tsoro da yake lalata tashin mutane da yawa, kuma na fi jin tausayin masu shi fiye da kowa. Wanda hancin allonsa ya taɓa nutsewa, ruwa ya wuntsila shi, yakan koma baya a kan allon don gudun maimaici. Komawa bayan nan yana rage masa gudu, rashin gudun yana sa igiyar ta ɗauke shi a makare lokacin da gabanta ya riga ya miƙe, a nan kuwa hancin ya fi saurin nutsewa. Maganin da ya zaɓa shi ne yake jawo masa ciwon. Muna gyara wannan ta hanyar mayar da shi wurin alamarsa, mu sa ya zauna can cikin teku, nesa da gaɓa fiye da inda igiyar ke karyewa, ya juya allon da wuri, ya fara tuƙi a natse tun igiyar tana nesa, hannu yana shiga ruwa sosai kusa da gefen allo yana ja har ƙarshe, sannan ya ƙara ƙarfi yayin da ta matso. Yakan waiwaya ta kafaɗa ya ga inda take da ɓangaren da za ta fara karyewa. Idan ya ji igiyar tana neman wuce shi sai ya sunkuyar da haɓa zuwa allon don nauyi ya koma gaba, idan kuma ya ga hancin yana neman nutsewa sai ya gantsare ya ɗaga ƙirji. Abu na ƙarshe, wanda nake ganin ya fi kowanne wuyar karɓuwa, shi ne idan mutum ya ji wutsiyar ta ɗaga kada ya yi wuf ya miƙe, ya ƙara ja biyu ko uku har sai ya ji allon yana gudu da kansa.

Miƙewar kanta ba ta da tsawon bayani idan abin da ya gabace ta ya yi daidai. Tafukan hannu a shimfiɗe a kan allon daidai ƙasan ƙirji, ba a riƙe gefuna ba, domin riƙon gefe yana karkatar da allo yana kuma rage gudu. A tura jiki sama, a jawo ƙafafu ƙarƙashi a lokaci ɗaya, su sauka a kan layin tsakiyar allon, gwiwoyi a lanƙwashe, ido a kan inda za a je. Ba na yarda a koya wa ɗalibi ya fara durƙusawa a kan gwiwa sai idan yanayin jikinsa ya tilasta, domin ɗabi'a ce mai saurin kamawa mai wuyar saki. Idan igiyar tana da ɗan tsayi, muna koya masa ya karkatar da allon kaɗan zuwa ɓangaren da ba ta karye ba tun yana tuƙi, ta yadda zai gangaro a kaikaice, tsawon allon ya bi jikin igiyar maimakon ya soki gindinta.

Ta fuskar kasuwanci, hanya mafi sauƙi ita ce malami ya tsaya cikin kumfar igiyar da ta riga ta karye, ya tura ɗalibi, ɗalibi ya miƙe na ɗan lokaci, a ɗauki hoto, kowa ya tafi da murna. Muna yin hakan a rana ta farko domin mutum ya san yadda allo yake ji a ƙarƙashin ƙafa, amma na hana malamaina su wuce nan da shi, saboda wanda ake turawa kullum ba zai taɓa koyon karanta ruwa ba, kuma kuɗinsa muke karɓa a kan alkawarin koyarwa. Wannan matsayin yana da tsada. Yana nufin ɗalibai kaɗan ga kowane malami, yana nufin tsara darasi bisa cika da janyewar teku maimakon lokacin da ya fi yi wa mai biya daɗi, yana kuma nufin soke darasi a mayar da kuɗi idan iska daga teku ta dagula ruwan. Mukan ɗauki bidiyon ɗalibi daga gaɓa mu kalla tare, domin mutum ba ya yarda ya daina tuƙi da wuri sai ya gani da idonsa. Ɗakin gyaranmu ma yana ba ni labari, domin idan alluna suka fara dawowa da fasassun hanci na san akwai malamin da yake barin ɗalibansa suna kama igiya a makare kusa da yashi.

Ba ma ba kowa hayar allo ya shiga ba tare da malami ba sai ya nuna ya san ƙa'idar ruwa, domin dogon allo yana da nauyi, kuma idan aka sake shi cikin jama'a, tsawonsa da na maɗaurin da ke haɗa shi da ƙafar mai hawa sukan kai ga wanda yake nesa. Dole ya san cewa wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ke da ita, ya duba hagu da dama kafin ya miƙe, ya kuma iya fasa tashi ta hanyar zama a kan wutsiyar allon idan ya ga mutum a gabansa. Tun da allonsa yana kama igiya kafin na kowa, muna gargaɗinsa kada ya kwashe duk wadda ta zo, ya bar wa masu gajerun alluna rabonsu. Idan malami ya ga ɗalibi ya zaɓi igiya da kansa, ya juya da wuri, ya kama ta tun ba ta karye ba sau da dama a jere, ya kuma fasa wadda ba tasa ba, sai ya sa hannu a katinsa, daga ranar nan a fara ba shi allo shi kaɗai a ranakun da ruwa ya kwanta.